Daga Ƙidayar Injuna Zuwa Ƙidayar Mintoci: Tarihin Jirgin Sama Mai Inji Biyu

1903 zuwa 1927

A ranar 17 ga Disamba 1903, a rairayin Kitty Hawk da ke Amurka, jirgin da Wilbur Wright da ƙaninsa Orville suka ƙera ya ɗaga daga ƙasa na daƙiƙa 12. Inji ɗaya gare shi, yana juya farfela biyu da sarƙa. Daga ranar har shekaru talatin da suka biyo baya, duk wanda ya hau jirgin sama ya san injin da ke gabansa na iya yin shiru a kowane lokaci. Injunan zamanin dangin na mota ne, masu fistin da fulogi. Sukan ɗau zafi, baƙin mai ya tsiyaye, wani ƙarfe ya karye. Matuƙi kan yi tafiya ne ido ɗaya a kan hanya, ɗaya a ƙasa yana laluben fili ko gonar da zai dira idan abin ya zo.

Maganin da ya fara zuwa a ran maƙera shi ne a ƙara yawan injuna, tunda sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A 1913 Igor Sikorsky ya tashi da jirgi mai inji huɗu a Rasha. A watan Yunin 1919 Turawan Ingila biyu, John Alcock da Arthur Brown, suka ƙetare tekun Atlantika ba tare da yada zango ba, daga Newfoundland zuwa Ireland, cikin kimanin awa 16, a jirgin Vickers Vimy mai inji biyu. Sai dai da ɗaya daga cikin injunan nan ya mutu jirgin na cike da mai, ɗayan ba zai iya riƙe shi a sama ba. Ke nan inji biyu a lokacin ba kariya ba ne. Ƙofa biyu ce da hatsari zai iya shigowa ta cikinta maimakon ɗaya.

Charles Lindbergh ya fahimci wannan sarai. Da yake shirin tashi daga New York zuwa Paris a 1927, wasu abokan takararsa sun dogara ga manyan jirage masu inji uku, shi kuwa ya zaɓi mai inji ɗaya. Hujjarsa ita ce, muddin jirgi ba zai iya ci gaba da tafiya bayan ya rasa inji ba, kowane injin da aka ƙara masa ƙarin abin lalacewa ne kawai. Ya isa Paris ranar 21 ga Mayu bayan awa 33 da rabi. Wannan lissafi nasa shi ne tushen duk abin da ya biyo baya: yawan injuna ba ya amfani sai idan waɗanda suka rage za su iya ɗaukar nauyin wanda ya mutu.

1931 zuwa 1938

Kamfanonin jigilar fasinja na farko sun zauna a kan inji uku, ɗaya a hanci, biyu a fukafukai, irin jiragen Ford da na Fokker. Idan ɗaya ya mutu, biyu kan lallaɓa da jirgin. Abin da ya girgiza wannan tsari bai ma shafi inji ba. Ranar 31 ga Maris 1931 wani jirgin Fokker na kamfanin TWA ya faɗi a jihar Kansas bayan fiffikensa na katako ya ɓalle. Mutum takwas suka mutu, cikinsu har da Knute Rockne, mai horar da 'yan ƙwallo wanda Amurka duka ta san shi. Jama'a suka juya wa jiragen katako baya, hukuma ta tsananta bincike a kansu, TWA ta shiga neman sabon jirgi ido rufe.

Kamfanin Boeing na ƙera wani jirgi na ƙarfe mai inji biyu, samfurin 247, amma an riga an keɓe guda 60 na farko ga United, kishiyar TWA. Saboda haka a ranar 2 ga Agusta 1932 Jack Frye, mataimakin shugaban TWA, ya aika wa maƙera takarda yana neman jirgin ƙarfe mai inji uku da zai ɗauki fasinja 12. Kamfanin Douglas ya amsa da tayin da ba a nema ba: inji biyu, amma masu ƙarfi. Lindbergh, wanda a lokacin shi ne mai ba TWA shawara kan fasaha, ya gindaya sharaɗi. Dole jirgin ya iya tashi da cikakken kaya daga kowane filin da TWA ke sauka, da inji ɗaya a mace.

Jirgin, DC-1, ya fara tashi ranar 1 ga Yuli 1933. A watan Satumba aka kai shi Winslow a jihar Arizona, fili mai bisa inda iska ba ta da kauri kuma inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Aka kashe inji ɗaya yayin tashi, jirgin ya daure ya hau, ya tsallake tsaunuka ya sauka a Albuquerque. Wannan a rubuce yake. Abin da ya faru a ɗakin matuƙa kuwa, ruwayoyi sun saɓa. Ana cewa matuƙin gwaji Eddie Allen da Tommy Tomlinson na TWA sun shirya a rage wa injin wuta ne kawai, sai Allen ya kashe shi ɗungurungum ba tare da ya faɗa ba, har farfela ta kusa shafar ƙasa. Ko yaya aka yi, TWA ta gamsu. Daga DC-1 aka samu DC-2, daga shi kuma DC-3, wanda ya fara tashi ranar 17 ga Disamba 1935 ya kuma mamaye sararin duniya.

Ya kamata a tsaya a ga abin da matuƙi ke fuskanta a wannan hali, don bai canja ba har yau. Idan injin hagu ya mutu, na dama na ci gaba da turi, sai hancin jirgin ya karkata hagu, kamar kwalekwalen da ake tuƙawa da filafili ta gefe ɗaya. Abin da ke miƙar da shi shi ne allon da ke tsaye a wutsiya, wanda matuƙi ke juyawa da ƙafa. Allon kuwa ba ya aiki sai da iska mai ƙarfi tana bugunsa, don haka akwai gudun da in jirgi ya yi ƙasa da shi, ƙafar matuƙi ba za ta iya rinjayar injin da ke raye ba. Ga kuma farfelar injin da ya mutu, wadda iska ke ci gaba da juyawa tana jan jirgin baya. An shawo kan wannan a ƙarshen shekarun 1930, da aka samu farfelar da ake iya juya ruwanta ya fuskanci iska da kaifinsa, ta tsaya cak. Kamfanin Hamilton Standard ya fito da irinta a 1938.

1936 zuwa 1964

Iya tafiya da inji ɗaya daban, daɗewa ana tafiyar daban. Injin fistin da aka bar wa aikin biyu yakan yi zafi, shi ma yana iya bin ɗan'uwansa. A 1936 hukumar Amurka ta ce kada hanyar jirgin fasinja ta yi nisa fiye da mil 100 daga filin da zai iya sauka. A 1953 aka mayar da awon zuwa lokaci: jirgi mai inji biyu ko uku ba zai yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin sauka ba, kuma da gudun inji ɗaya a mace ake lissafin. Wannan ita ce dokar minti 60, wadda ta raba sararin duniya gida biyu har fiye da shekara talatin. Tudu na masu inji biyu, teku na masu huɗu.

Dokar ba ta zalunci kowa ba, domin manyan injunan fistin na shekarun 1950 sun kai maƙurar abin da irinsu zai iya, suna kuma mutuwa a kai a kai. Ana cewa matuƙan jirgin Lockheed Constellation mai inji huɗu sukan kira shi sarkin jirage masu inji uku, saboda yawan saukarsa da guda a kashe. Wannan zancen bakin matuƙa ne, amma abin da ya sami jirgin Pan Am a daren 16 ga Oktoba 1956 na cikin kundi. Yana tsakanin Honolulu da San Francisco injunansa biyu cikin huɗu suka lalace, farfelar ɗaya ta ƙi tsayawa tana ja da shi, man da ya rage ba zai kai shi gaba ko baya ba. Kyaftin Richard Ogg ya yi ta kewaya wani jirgin ruwan masu gadin teku har gari ya waye, sannan ya dira a ruwa. Duk mutum 31 da ke ciki aka tsamo su da rai.

Ana cikin haka injin jet ya shigo. Ba shi da fistin da ke hawa da sauka. Komai nasa juyawa yake a kan sanda, yana zuƙar iska, ya matse ta, ya ƙona ta da mai, ya feso ta baya. Ƙarancin sassan da ke bugun juna ya sa ya fi tsohon inji juriya nesa ba kusa ba. Jiragen jet na farko masu dogon zango, Comet na Ingila da Boeing 707, inji huɗu gare su. Faransa ce ta kawo Caravelle mai inji biyu a 1959, sai DC-9 da Boeing 737 suka biyo baya, duka don gajerun tafiye-tafiye.

A wannan zamani ne ƙa'idar tashi ta zauna yadda take a yau. Kafin kowane tashi ana lissafa wani gudu da ake kira V1, bisa nauyin jirgi da tsawon titi da zafin rana da bisan filin. Idan inji ya mutu kafin a kai wannan gudu, a taka birki. Idan bayansa ne, ba tsayawa, dole a tashi da wanda ya rage. Doka ta wajabta wa mai inji biyu, bayan ya naɗe tayoyinsa, ya iya hawa aƙalla mita 24 a kowace mita 1,000 ta tafiya gaba, da inji ɗaya. Ranar da zafi ya yi yawa ko titi ya gaza, sai a rage kaya ko fasinja har lissafin ya fita. Sakamakon wannan shi ne abin da fasinja da yawa ba su sani ba: mai inji huɗu da ya rasa ɗaya ya rasa rubu'in ƙarfinsa, mai biyu kuwa rabi, don haka tun a wurin ƙira ake ba kowane injin nasa ƙarfin ɗaukar jirgin shi kaɗai.

A 1964 aka cire jiragen jet masu inji uku daga dokar minti 60. Abin da ya haifi DC-10 da Lockheed TriStar ke nan, masu inji na uku a wutsiya. Doka ce ta zana su, ba buƙatar ƙarfi kaɗai ba.

1972 zuwa 1988

Turai ce ta fara ƙalubalantar tsarin. Ranar 28 ga Oktoba 1972 Airbus A300 ya fara tashi, babban jirgi mai faɗin ciki na farko da ke da inji biyu kacal. Shekara guda bayan haka farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo sakamakon takunkumin ƙasashen Larabawa na 1973, kowane kamfani ya koma lissafin abin da inji na uku da na huɗu ke ci masa na mai da gyara. Ƙasashen da ke bin shawarar hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, suna da sassaucin minti 90, kuma da shi A300 ya riƙa ƙetare wasu tekuna. Amurka ta tsaya a kan 60.

Boeing 767 ya shiga aiki a 1982 da tankunan da za su iya kai shi Turai daga Amurka. Dokar kuwa ta tilasta masa ya bi ta arewa, yana raɓe da filayen Kanada da Greenland da Iceland, kada ya yi nisa fiye da kimanin kilomita 700 daga ɗayansu. Wani injiniya kuma matuƙin Boeing, Dick Taylor, ya ɗauki aikin shawo kan hukumar FAA ta Amurka. Ana ba da labarin cewa shugabanta J. Lynn Helms ya ce masa har abada ba zai bar mai inji biyu ya yi dogon zango a kan teku ba. Maganar ta yaɗu a littattafai, amma daga bakin masu ba da labari aka samo ta. Abin da ya tabbata shi ne hukumar ta yi jan ƙafa, kuma hujjar Boeing alƙaluma ce: miliyoyin awoyin tafiya da ke nuna cewa injin jet na zamani ba kasafai yake mutuwa ba, kuma mutuwar biyu a tafiya ɗaya, kowanne da sababinsa, abu ne mai nisan gaske.

Kalmar nan ta kowanne da sababinsa ita ce gaɓar zancen, kuma abubuwa uku da suka faru a jere sun fito da ita fili. Ranar 24 ga Yuni 1982 jirgin British Airways samfurin 747 ya shiga tokar dutse mai aman wuta na Galunggung a Indonesiya, injunansa huɗu suka mutu gaba ɗaya, sai da ya gangaro ƙasa da tokar suka sake kamawa. Ranar 23 ga Yuli 1983 wani sabon 767 na Air Canada ya ƙare da mai a sama saboda an rikita awon laba da na kilo wurin zuba masa, Kyaftin Bob Pearson ya sulalo da shi ba inji ya sauka a tsohon filin soja na Gimli, ba a rasa rai ba.

Na ukun ya fi su koyarwa. Ranar 5 ga Mayu 1983 jirgin TriStar na Eastern Air Lines ya tashi daga Miami zuwa Nassau da mutum 172. Baƙin man injin wutsiya ya yi ƙasa, aka kashe shi, aka juyo. Kan hanya sauran biyun suka mutu. Jirgin na gangarowa teku, an gaya wa fasinjoji su shirya, sai matuƙa suka samu injin da suka kashe da farko ya sake kamawa, da shi kaɗai suka kai Miami. Bincike ya gano cewa a daren da ya gabata makanikai sun sauya wani ɗan toshi a kowane inji ba tare da zobban robar da ke hana mai tsiyaya ba. Kuskure ɗaya, sau uku. Inji uku bai hana komai ba, da goma ne ma haka za ta faru.

Saboda haka, da FAA ta amince a 1985, ba ƙara mintoci kawai ta yi ba. Ta kafa tsarin da ake kira ETOPS, wanda ke ba da izinin minti 120 ga samfurin jirgi da injinsa, sannan ga kamfanin da ke aiki da shi, kowanne da nasa sharuɗɗan. Kada makanike ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a kan injuna biyu a zama ɗaya. A riƙa rubuta yawan baƙin man da kowane inji ke sha a kowace tafiya. Ƙaramin injin da ke wutsiya mai ba da lantarki dole ya iya kamawa a can sama cikin tsananin sanyi. Na'urar kashe gobara a ɗakin kaya ta iya riƙe wuta har tsawon lokacin da za a kai fili. A ɗauki man da zai isa ko da inji ya mutu kuma iskar cikin jirgi ta zube a wuri mafi nisa, aka koma tafiya ƙasa-ƙasa inda jirgi ya fi shan mai. Kuma kafin a tashi a tabbatar yanayin filayen da za a iya karkata zuwa gare su zai ba da damar sauka. Ranar 1 ga Fabrairu 1985 jirgin TWA samfurin 767 ya tashi daga Boston zuwa Paris a kan wannan izini. Kamfanin da ya gwada DC-1 a Winslow shi ne dai ya buɗe wannan ƙofa.

A 1988 aka ƙara zuwa minti 180, wanda ya buɗe hanyar Hawaii da mafi yawan doron duniya. Sharaɗinsa mai tsauri ne: kashe inji a sama kada ya wuce sau 2 a cikin awa 100,000 na aikin injuna. Wannan, a ganina, shi ne mafi kyawun abin da tsarin ya zo da shi. Izini ne da ake samu da shaidar aiki, ana kuma iya janye shi idan shaidar ta lalace.

1989

Ba a rufe wata guda da wannan ba sai aka yi hatsarin Kegworth a Ingila. Daren 8 ga Janairu 1989 jirgin British Midland, sabon Boeing 737-400, ya tashi daga London zuwa Belfast da mutum 126. Yana hawa sai ruwan fankar injin hagu ya karye. Jirgin ya ɗauki jijjiga, warin hayaƙi ya shigo. Matuƙan sun saba da tsohon samfurin 737, inda suka san iskar cikin jirgi daga injin dama ta fi fitowa, sai suka ɗora laifin a kansa suka rage masa wuta. Jijjigar ta lafa, ba don sun yi daidai ba, sai don na'urar da ke sarrafa wutar injuna da kanta ta saki, man da ke shiga injin hagu ya ragu. Suka ɗauka sun gano matsalar, suka kashe lafiyayyen inji.

Abin da ya fi ciwo shi ne a baya akwai waɗanda suka ga tartsatsin wuta na fita daga injin hagu. Kyaftin ya yi sanarwa ya ambaci injin dama, wasu fasinjoji suka ji saɓanin, amma suka ɗauka matuƙa sun fi su sani. Da aka ƙara wuta don sauka a filin East Midlands, injin hagu ya mutu sarai, lokaci kuma bai isa a tayar da na dama ba. Jirgin ya daki gangaren babbar hanyar M1, titin sauka na gabansa kaɗan. Mutum 47 suka rasu. Jirgin nan zai iya sauka lafiya da injin da aka kashe.

Bayan Kegworth aka ƙarfafa horon da ke cewa ba a gaggawar kashe inji. A fara riƙe jirgi, a karanta agogunan injuna, matuƙi ɗaya ya ɗora hannu a kan makunni, ɗayan ya duba ya tabbatar da baki kafin a ja. Aka kuma koya wa ma'aikatan cikin jirgi su faɗi abin da suka gani ko ba a tambaye su ba. Duk da haka kuskuren ya sake dawowa ranar 4 ga Fabrairu 2015 a Taipei, inda matuƙin TransAsia ya kashe injin da ke aiki jim kaɗan bayan tashi, jirgin ya faɗa kogin Keelung, mutum 43 cikin 58 suka mutu.

1995 zuwa 2012

Boeing 777 jirgi ne da aka ƙera tun daga takarda da nufin ƙetare teku da inji biyu, ya kuma samu izinin minti 180 a ranar 30 ga Mayu 1995, mako guda kafin ya ɗauki fasinjan farko. Gwajin gaske ya zo a watan Maris 2003, da wani 777 na United da ya taso daga Auckland zuwa Los Angeles ya kashe inji a tsakiyar tekun Fasifik. A irin wannan hali jirgi ba ya iya zama a bisan da yake. Yakan gangaro a hankali zuwa inda iska ta fi kauri, inda inji ɗaya zai riƙe shi. Haka ya yi tafiyar kimanin awa uku ya sauka a Kona, a Hawaii.

Inda aka rasa injuna biyu a wannan zamani, kusan kullum sababi ɗaya ne ya haɗa su. Ranar 24 ga Agusta 2001 bututun mai ya tsage a injin dama na Airbus A330 na Air Transat, tsakanin Toronto da Lisbon, saboda wani sashe da bai dace ba da aka ɗaura wurin sauya inji. Matuƙa suka ga tanki ɗaya ya fi ɗaya mai, suka buɗe mahaɗar tankuna, man lafiyayyen gefe ya bi ta tsagar ya zube. Kyaftin Robert Piché ya sulalo da jirgin ba inji zuwa filin Lajes a tsibiran Azores, mutum 306 suka tsira. A Janairun 2008 ƙanƙara ce ta toshe hanyar mai a injuna biyu na 777 na British Airways dab da sauka a Heathrow. A Janairun 2009 garken dinya ne ya shige injunan A320 na US Airways, Kyaftin Chesley Sullenberger ya dira a kogin Hudson da mutum 155, duka suka fita.

Nijeriya ta ɗanɗana nata, kuma ba a tsira ba. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin EAS samfurin BAC 1-11 ya zarce ƙarshen titi yayin tashi daga Kano cikin zafin rana, injunansa biyu suka shaƙi ƙura suka rasa ƙarfi, ya faɗa unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gidajensu. Ranar 3 ga Yuni 2012 kuma jirgin Dana Air samfurin MD-83 ya taso daga Abuja zuwa Legas. Rahoton hukumar binciken hatsari, wanda ya fito a 2017, ya ce injin farko ya rasa ƙarfi minti 17 da tashi. Matuƙan ba su bi takardar matakan gaggawa ba, ba su kuma nemi fili mafi kusa ba, suka ci gaba zuwa Legas. Suna dab da sauka na biyun ya ƙi amsawa. Jirgin ya faɗa Iju-Ishaga, mutum 153 da ke ciki da wasu a ƙasa suka mutu. Dokar ba ta da harshen damo a nan: mai inji biyu da ya rasa ɗaya zai sauka ne a filin da ya dace mafi kusa. Ƙarfin da aka ba injin da ya rage na kai mutane ƙasa ne, ba na ƙarasa tafiya ba, kuma tsakanin Abuja da Legas akwai filaye.

2007 zuwa 2023

A 2007 FAA ta faɗaɗa sharuɗɗan ETOPS suka shafi jiragen fasinja masu inji uku da huɗu idan za su yi nisa sosai, tunda gobara a ɗakin kaya ko ƙarancin mai ba ruwansu da yawan injuna. Mintoci kuma suka ci gaba da hawa: 240 ga A330 a 2009, 330 ga 777 a 2011 da 787 a 2014, sai 370 ga Airbus A350 a watan Oktoban 2014, wato fiye da awa shida da inji ɗaya. A Disambar 2015 Air New Zealand ta fara zirga-zirga tsakanin Auckland da Buenos Aires da 777, ta kan kudancin Fasifik inda ba tsibirin sauka.

Inji bai daina lalacewa ba, kuma girman fankar injunan yau ya kawo nasa hatsarin, wato ɓaraguzan da ke fita idan ruwan fanka ya karye. Ranar 17 ga Afrilu 2018 wani ɓangare na murfin injin 737 na Southwest ya fasa taga, fasinja ɗaya ta rasu, Kyaftin Tammie Jo Shults ta sauke jirgin a Philadelphia da inji ɗaya. Ranar 20 ga Fabrairu 2021 injin dama na 777 na United ya tarwatse bayan tashi daga Denver, sassansa suka zubo a unguwannin Broomfield, jirgin ya juyo ya sauka ba wanda ya ji rauni. Aka dakatar da duk 777 masu irin wannan inji na Pratt & Whitney, aka bi ruwan fankarsu ɗaya bayan ɗaya ana neman tsaga, na United ba su koma aiki ba sai a 2022.

Kasuwa ta riga ta yanke hukunci kafin nan. Airbus ya daina ƙera A340 mai inji huɗu a 2011, ya miƙa A380 na ƙarshe ga Emirates a Disambar 2021. Boeing 747 na ƙarshe ya bar hannun maƙeransa ranar 31 ga Janairu 2023, kuma kamfanin dakon kaya na Atlas Air ne ya karɓe shi. A yau duk babban jirgin fasinja da Boeing da Airbus ke ƙerawa inji biyu gare shi.